Digiri goma: rajistar neman lens ɗin da zai zauna min a ido

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Yau tabarau na uku ya karye cikin shekara biyu. Wajen kamu ne a Ɗorayi, ana turereniyar liƙi, gwiwar hannun wata baiwar Allah ta same ni a karan hanci, ƙafar tabarau ta ɓalle. Da zaren da na tsinko a bakin gyalen ƙanwar amarya na ɗaure shi a kunne na ƙarasa aikin.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoto, kullum gilashi na tsakanina da maleƙar kyamara. Gumi ya dusashe shi, robar maleƙar ta goge shi, in na manna ido sosai ya danne min hanci. Abokan sana'a sun sha cewa in cire shi kawai in murɗa ɗan keken da ke gefen maleƙar har hoto ya fito. Na murɗa har na gaji. Keken nan yana gyara wa mai matsalar hangen nesa ko ta kusa ne, ba ya taɓa irin tawa, astigmatizim. Ni in na cire tabarau, fitilar titi ba dusashewa kawai take ba, jela take fitarwa.

Na yanke shawarar gwada lens ɗin da ake mannawa a ido, wanda 'yan mata ke kira kontak. Na buɗe wannan rajista ne saboda na san halina: likita za ta tambaye ni yadda na ji ranar kaza, in ce mata lafiya lau, alhali na manta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Awo. Na je da tunanin zan miƙa takardar tabarau a ɗauko min kwali in biya in tafi. Awa ɗaya da rabi na yi a kujera.

Ga abin da aka samu. Idon dama: -1.50, silinda -1.75, aksis 170. Idon hagu: -2.00, silinda -3.25, aksis 20. Na daɗe ina ganin lambobin nan a takarda, ban taɓa tambaya ba, silindar da na sani ita ce ta gas. Likitar ta ce in tuna kankana iri biyu, mulmulalliya da doguwa. Koniya, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, ya kamata lanƙwasarsa ta zama ɗaya ta ko'ina kamar bayan mulmulalliyar. Tawa doguwar ce: ta wani gefen ta fi lanƙwasa. Shi ya sa haske ba ya haɗuwa a ɗigo ɗaya a cikin idon. Silinda ita ce girman bambancin, aksis kuma ita ce kwanciyar kankanar, daga digiri 1 zuwa 180. Ta ƙara da cewa kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin tattara hasken ido a koniya yake, don haka ɗan karkacewa kaɗan a wurin ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ta ɗauki gilashin gwaji ta riƙe min a gaban ido, ta juya shi a hankali. Haruffan allo suka narke, suka dawo, suka sake narkewa.

"Ka gani, Malam? Tabarau kunne da hanci ne ke riƙe shi, ba ya juyawa. Lens kuwa a kan hawaye yake iyo, duk ƙiftawa fatar ido na tura shi. Aikinmu shi ne mu samu wanda zai tsaya a inda aka ajiye shi."

Irin wannan lens sunansa torik. Da dare na ɗan yi bincike a waya, na tarar ina da ɗan'uwa a sana'ar leƙe: George Airy, masanin taurari a Ingila, shi ma idonsa na hagu ne ya dame shi, a 1825 ya bayyana yadda ya lissafa gilashin silinda ya sa aka yanka masa. Shekara kusan 200 ke nan da aka warware maganar a tabarau. Ni yanzu zan fara tawa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ranar gwaji. Minti arba'in na ɗauka kafin lens na farko ya shiga idona da hannuna. Ni da ke sauya lens ɗin kyamara a duhu ba na dubawa, yau ɗan faifai mai faɗin milimita 14.5 ya mayar da ni ɗan koyo. Da yatsa ya kusanto sai idon ya rufe da kansa, ba da shawarata ba. Ma'aikaciyar da ke koya min ta ce in riƙe fatar sama daga gindin gashin ido, in kalli madubi ba yatsa ba. A karo na barkatai ya manne. Sanyi, ɗan ƙaiƙayi, sai shiru.

Aka bar ni minti ashirin ya zauna, sannan likita ta sa haɓata a na'urar nan mai siririn haske. Ashe a jikin lens ɗin torik akwai ɗan zane siriri da ba a gani sai da na'ura, kuma ya kamata ya tsaya a daidai ƙarfe shida in aka ɗauki ido kamar agogo. Nawa na dama ya gota zuwa hagunta da digiri goma. Na ce digiri goma ai ba komai ba ne, sulusin tazarar da ke tsakanin ƙarfe shida da bakwai ne fa. Ta ce gocewar digiri goma tana cinye kusan sulusin gyaran silinda, ta talatin kuwa tana cinye shi duka, kamar ba a sa ba.

Abin da ya burge ni shi ne maganin. Ba a faɗa da lens ɗin a ce sai ya miƙe. In ya gota hagu a ƙara digirin a kan aksis, in ya gota dama a rage. Tunda nawa ya zaɓi ya zauna a karkace da goma, sai a yi odar mai aksis 180 maimakon 170, ya je ya karkace yadda ya saba, gyaran ya faɗo daidai. Sharaɗin kawai kullum ya riƙa gocewa iri ɗaya.

Na hagu babu shi a akwatin gwaji. Silindar da kamfanoni ke bugawa da yawa ita ce -0.75, -1.25, -1.75 da -2.25, wasu su kai -2.75. Tawa ko an rage ta saboda lens ya fi tabarau kusa da ido, wajen -3.00 take tsayawa. Sai an yi oda ta musamman daga waje, kuma dala ta haura naira 1,500. Na biya rabi. Kuɗin hoton suna biyu ke nan.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Na dama kawai nake sawa a gida, awa huɗu, gobe shida. Jiya na sa shi a bai-bai, idon ya yi ta zubar da ruwa har na gane. In yana daidai a kan yatsa kamar ƙoƙo yake, in ya juye bakinsa na buɗewa kamar faranti.

Maganar ruwa ita ce ta fi tsaya min. Dokar likita: ruwan famfo, na rijiya, na leda, babu wanda zai taɓa lens ko mazubinsa. Akwai wata ƙwayar halitta mai suna akantamiba da ke rayuwa a ruwa da ƙasa, in ta maƙale tsakanin lens da koniya tana iya cin idon, maganinta kuma wata da watanni ne. Na ce to alwala fa, sau biyar a rana? Ta ce in rufe ido in wanke fuskata, in bar ta ta tsane kafin in buɗe sosai, wanka kuwa a cire tukuna. Na tambayi malaminmu bayan magariba, ya ce dama cikin ido ba ya cikin abin da aka wajabta wankewa. Wannan ta wuce.

Uwargida ta ware min ƙaramin tawul, ta ce duk yaron da ya taɓa shi ita da shi ne.

Alhamis, 5 ga Disamba

Mai aksis 180 ya iso. Zanen ya koma inda ya saba, digiri goma hagu, wato lissafi ya fita. Na karanta layin da nake karantawa da tabarau, har da rabin na ƙasansa. Da na fito bakin titi na rufe idon hagu da tafin hannu, na tsaya ina karanta lambar A Daidaita Sahu daga nesa kamar wani ɗan KAROTA.

Na manna ido a maleƙar kyamara ba gilashi a tsakani kuma hoto ya fito garau, karo na farko a rayuwata. Ashe kusurwoyi huɗun nan ana ganinsu a lokaci ɗaya.

Lahadi, 22 ga Disamba

Sati biyu ban rubuta komai ba, lokacin biki ne, kuma hazo ya sauko. Abubuwa uku, ba duka masu daɗi ba.

Na farko, bushewa. Daga la'asar lens ɗin sai ya fara kama ido, gani ya riƙa zuwa yana tafiya da ƙiftawa. Na lura in ina jiran amarya ta ɗago kai nakan daɗe ban ƙifta ba, haka in ina gyaran hotuna a kwamfuta. An ba ni ɗigon jiƙa ido marar sinadarin adanawa, na kuma koma sa baƙin gilashi mai rufe gefe in zan hau babur. Na gudu daga tabarau na dawo ga tabarau, sai dai wannan in ya karye ba na makancewa.

Na biyu ya fi damuna, don ya shafi aiki kai tsaye. In na tsaya a miƙe komai garau. Amma mai hoto ba ya tsayawa a miƙe. In na kwantar da kai gefe don in ɗauki hoto a tsaye, ko na kishingiɗa a ƙasa ina neman lallen ƙafar amarya, bayan 'yan daƙiƙu sai hoton ya fara jela. In miƙe, in ƙifta sau biyar ko shida, ya dawo. Ranar Juma'a na zargi kyamara, har na sauya mata lens, ashe nawa ne ya juya.

Na uku laifina ne. Daren jiya mun taso daga dina a Zariya wajen ƙarfe ɗaya, na ce bari in ɗan rufe ido a mota. Na farka a Kwanar Dangora da lens a manne kamar an sa masa gam, idon ya yi jawur. Ban fizge shi ba, na tuna an ce a jiƙa a jira. Na ɗiga ruwan, na ba shi minti goma, ya saki. Yau tabarau na sa, idon ya washe zuwa azahar. Na kira likita na faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tuna min cewa koniya ba ta da jijiyar jini, daga iska take shan iskar oksijin ta cikin hawaye, in an rufe ido an kuma ɗora mata lens an toshe ta sau biyu. Ta ce in da ciwo, ko ƙin haske, ko gani ya ragu, kada in jira gobe. Da ta yi faɗan ma da ya fi min sauƙi.

Wani abu da na gani a ɗakin kwalliya a wannan satin, wanda a da ba zan ko kula ba. Mai kwalliya ta buɗe ɗan mazubi ta ciro kontak mai ruwan toka da farcenta, ta sa wa amarya, ta ce in an gama a dawo mata da shi akwai wata amaryar gobe. Ruwan da ke cikin mazubin ya yi kalar shayi. Na ja yayar amarya gefe na ce, "Hajiya, don Allah in an cire kada a sake sa mata, kuma ku saya mata nata." Ta dube ni kamar na shiga abin da ba ruwana. Wataƙila na shiga. Hoton dai ya yi kyau, abin haushin ke nan.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Na hagu ya iso bayan sati bakwai. Ya zauna daram, zanen a ƙarfe shida cif, ko gocewa babu. Amma gani bai kai ba. Kowane harafi da inuwarsa a ƙasa, kamar hoton da hannu ya girgiza. Likita ta ɗora gilasai a kai, ta juya, ta sauya, inuwar na nan. Ta ba ni wani baƙin faifai mai ɗan ƙaramin huji in leƙa, sai haruffan suka tsaya cak. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko ina yawan murza ido.

Na yi dariya. Duk yarintata da ƙaiƙayin ido na yi ta. Da zafi ya shigo idanuna sai su koma ruwan ƙasa, in sa gaɓar yatsa in yi ta dirza, na hagun ya fi shan wahala don a wannan gefen nake kwana. A makarantar allo har suna aka sa min a kai.

Ta tura ni wani babban asibitin ido a yi min taswirar koniya. Na'urar tana haska zobba a ido ta fitar da hoto mai launi, shuɗi inda ya kwanta, ja inda ya yi tudu. Na dama ya fito da siffa mai kyau, sama da ƙasa sun yi daidai. Na hagu jan ya taru a ƙasa, gefe ɗaya. Sunan abin keratokonus: koniya ta yi siriri ta fara turowa kamar kan tulu. Nawa farkonsa ne. Astigmatizim ɗin dama mai tsari ne, silinda na gyara shi. Na hagu ba shi da tsari, kuma lens mai laushi lafewa yake a kan koniya ya ɗauki siffarta, tudu da kwari duka. Kuɗin odar dai sun tafi. Na so in ji haushin ba a yi taswirar tun farko ba, na kuma tuna ni ne na ce a yi sauri kafin bikin Disamba.

An ce a shekaruna, 31, abin yakan lafa, ya fi gudu a samari. Za a sake taswira bayan wata shida. In tudun na ƙaruwa akwai aikin da ake yi da ɗigon ribofilabin, wato bitamin B2, da hasken ultrabayolet don a ƙarfafa koniya, wanda aka faro a Dresden ta Jamus. Ba ya mayar da ido yadda yake, tsayar da abin yake yi. Doka ta farko: kada in sake murza ido.

Na gaya wa Umma da daddare. Ta ce, "Ai na hana ka, ka ƙi ji. Har kwalli na sa maka." Sai kuma ta ce in kai babban ɗana a duba shi, shi ma ya fara dirzar nan. Ban ma kawo shi a raina ba.

Litinin, 27 ga Janairu

Gwajin lens mai tauri a hagu. Ƙarami ne, bai kai milimita goma ba, bai ma rufe baƙin ido duka ba. Hikimarsa ita ce ba ya lanƙwasa: hawaye ne ke cike tsakaninsa da koniya, su shafe tudu da kwarin, fuskar lens ɗin ta zama sabuwar fuskar ido. Likita ta taɓa min wata 'yar takarda mai ruwan lemo a ido, ta kunna shuɗin haske, hawayen suka koma kore shar. Ta ɗauka da waya ta nuna min: inda koren ya yi kauri akwai tazara, inda ya yi duhu lens na taɓa koniya. Sai da aka sauya uku kafin ta gamsu.

Inuwar ta ɓace. Tun ina sakandare ban ga abu da idon hagu haka ba.

Amma ji nake kamar an sa min ɓawon gyaɗa. Duk ƙiftawa fatar sama na karo da bakinsa. Na fito ina tafiya da haɓa sama kamar mai jin kai. An ce sati biyu zuwa uku ake sabawa.

Yaron an duba shi, ƙaiƙayin rashin jituwa da ƙura ne, koniyarsa lafiya. An ba shi ɗigo, an ce a riƙa ɗora masa tsumma mai sanyi maimakon ya murza.

Talata, 11 ga Fabrairu

Dama: an sauya min samfuri. Ashe na farkon irin wanda aka yi wa kauri a ƙasa ne, nauyin na taimakawa wajen tsayar da shi, shi ya sa in na kwantar da kai yake bin ƙasa ya bar ni. Sabon an sirantar da shi sama da ƙasa, fatun ido ne ke matse shi su riƙe. Shi bai gota ba ko kaɗan, don haka an koma aksis 170. Na gwada shi yadda ya dace: na kwanta a kan tabarma ta gefen dama, na ɗora kyamara a kan kalandar bango, na ƙirga sittin. Lambobin ba su yi jela ba sai can wajen ƙarshe, kaɗan. Wannan ya ci jarrabawa.

Hagu: kwana 15, na kai awa shida a cikin gida. A waje labari ya sha bamban. Ranar Asabar a Kantin Kwari ƙwayar ƙura ɗaya ta shige ƙarƙashinsa, na tsaya cak a tsakiyar layi hawaye na zuba, wani mai shago ya kawo min kujera yana ba ni haƙuri, ya ɗauka saƙon rasuwa aka yi min. Mai laushi yana rufe ko'ina ƙura ba ta samun hanya, wannan kuwa yana motsi, gefensa a buɗe. Ga kuma ido ɗaya na jin daɗi ɗaya na shan wuya, kullum ƙwaƙwalwa na kwatanta su, sabawa ta ƙi zuwa.

Talata, 4 ga Maris

Azumi na huɗu. Hazo ya ja baya, zafi ya shigo, bushewar la'asar ta dawo da ƙarfinta. Ɗigon ido kuma yana da magana, don akwai 'yar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci, daga nan maƙogwaro, kuma a Malikiyya in ɗanɗanon ya sauka akwai matsala. Ban tsaya jayayya ba: na mayar da ɗigon bayan shan ruwa da lokacin sahur, da rana in sa tabarau in ba aiki. Dama bukukuwa sun tsaya.

Mai taurin na ajiye shi. Ba zan yaudari kaina ba, sati biyar ya isa shaida.

Na sauya mazubi, wata uku sun wuce, har na ɗan makara.

Alhamis, 20 ga Maris

Gwaji na uku a hagu: sikleral. Shi ma mai tauri ne amma babba, na gwajin milimita 16 da ɗoriya. Ba ya taɓa koniya sam, tsallake ta yake kamar gada ya sauka a kan farin ido, inda ba a cika jin abu ba. Ana cika shi da ruwan gishiri na asibiti marar sinadarin adanawa, a ɗora a kan 'yar roba, mutum ya sunkuya fuska na kallon ƙasa, ya buɗe ido da yatsu ya tura shi sama. Sau biyu kumfa ta shiga aka cire aka sake, na jiƙa gaban rigata. Na uku ya zauna.

Na jira ɓawon gyaɗar, bai zo ba. Inuwa babu. Gefensa a rufe, ƙura ba ta da ƙofa. Likita ta ce daɗaɗɗen tunani ne, lens na farko da Adolf Fick ya gwada a Zurich a 1888 irin wannan ne, na gilashi zalla, bambancin shi ne na yanzu iska na ratsa shi. An bar ni da shi awa uku don yakan ɗan nutse, aka sake auna tazarar da ke tsakaninsa da koniya, ta ce ta yi yawa kaɗan, za a rage a odar. Cirewa da wata 'yar roba mai tsotsa ake yi, an ce in sayi biyu don ɓata take.

Kuɗinsa ya ninka na duk abin da na kashe a baya. Na ce a ba ni zuwa bayan sallah, in aikin sallah ya yi kyau in biya rabi a tura awon. Kafin nan tsarin shi ne: torik a dama ranar aiki, hagu a bar shi haka tunda rufe shi nake in ina leƙe, tabarau sauran lokaci. Taswira ta biyu 9 ga Yuli. Tambayoyin da zan tafi da su: inda zan riƙa samun ruwan gishirin a Kano ba sai an aiko daga Legas ba, da kuma ko zai jure yinin biki tun daga ɗaurin aure har dina ba tare da an cire an sake cikawa ba.